An Tsayar Da Babana Mai Sautu A Bakin Ƙofar Taronku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Jin Ra'ayin 'Yan Kasuwa Kan Harkar Kan Iyaka Da Harajin Kaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da sauran 'yan kwamiti, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ranka ya daɗe, sunana Sa'adiyya, ina aji biyar a sakandare, muna zaune a Makera. Ban taɓa rubuta wa babban mutum wasiƙa ba. Ko a aji, sai malami ya kira sunana nake magana. Idan na yi kuskure a yi mini afuwa. Maganar babana ce ta sa na rubuto.

Na farko, bari in faɗi sana'arsa, domin ina jin ba ta cikin waɗanda aka kawo muku. Babana, Malam Isuhu, ba shi da shago. Sautu yake kaiwa. Matan unguwarmu da ke ƙaramar sana'a a gida, su ne suke ba shi saƙo idan zai tafi kasuwar Maraɗi: wannan tana son dabino, waccan kanwa, wata cuku, wata busasshen tattasai. Kowace mace takan yago ƙyalle daga tsohon zanenta ta haɗa masa da saƙon. Idan ya saya, da wannan ƙyallen yake ɗaure bakin ƙunshinta. Tun ina ƙarama nake ganin haka. Idan ya dawo, matan sukan cika tsakar gidanmu, kowa ta ɗauki nata ba tare da an kira suna ba. Har daga Sabon Tasha, Mama Nkechi mai sayar da kayan miya takan aiko da nata ƙyallen, shuɗi mai zanen kifi.

Na biyu, abin da ya faru a daminar bara. A hanyar dawowa aka tsayar da motarsu a wani shinge. Da aka ga kayan duk a hannun mutum ɗaya suke, sai aka ce ai na babban ɗan kasuwa ne, aka nemi takardun da ake nema wajen masu shigo da kaya da tirela. Ya yi bayani cewa saƙon mata ne da yawa, kowacce da ɗan nata, ya nuna ƙyallayen. Ba a saurare shi ba. Aka yanke ɗaurin da wuƙa, aka zazzage komai a kan tamfol domin bincike, aka riƙe kayan kwanaki, ruwa ya same su. Ba a sami wani abin haramci a ciki ba. Amma da aka sako su, dabino ya jiƙe, cuku ya yi fumfuna, kanwa ta narke ta shiga cikin tattasai, ƙyallayen kuma sun ɓace a cikin taɓo.

Ranar da ya dawo, matan sun zo kamar yadda suka saba. Babu wadda ta iya gane nata. Babu kuma wadda ta zage shi, da ma sun zage shi da ya fi sauƙi. Hajiya Talatu, maƙwabciyarmu, ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta fita. Mama Nkechi ta zauna ta taya Mamana tsince abin da zai tsintu. Daga wannan rana ƙyalle ya daina shigowa gidanmu. Daga baya na ji a wajen ɗibar ruwa ana cewa wai ya sayar da mai kyaun a hanya, ya kawo musu ruɓaɓɓe. Ban faɗa masa ba, amma na san ya ji, domin ya canja hanyar da yake bi zuwa masallaci.

Na uku, taronku. Da muka ji a rediyo cewa gwamnati ta turo ku Kaduna ku ji ta bakin 'yan kasuwa, na ga babana ya yi murmushin da na daɗe ban gani ba. Ya sa aka goge masa farar shaddarsa. Ya roƙa mini izini a makaranta domin in raka shi, ko da za a yi magana da Turanci in fassara masa. Da muka isa, mai tsaron ƙofa ya tambaye mu katin gayyata ko sunan ƙungiyarmu. Ba mu da ko ɗaya. Bai yi mana rashin mutunci ba, umarnin da aka ba shi ke nan. Muka koma gindin wata bishiya muka tsaya, muna jin tafi ta taga, har aka tashi. A cikin keke, muna dawowa, da muka ƙetare gada, babana ya ce in yi haƙuri ya sa na rasa darasi.

Ranka ya daɗe, an koya mana a makaranta dalilin biyan haraji da tsaron iyaka, kuma na yarda da shi. Babana ma bai taɓa cewa kada a bincika kayansa ba. Abin da ya je faɗa muku bai fi haka ba: a kwance ƙunshi, a duba, a mayar da ɗaurin. Waɗanda suka shiga zauren na san suna da nasu damuwar, amma ban yi zaton akwai wanda ya ambaci ƙyalle a cikinsu ba.

Saboda haka ina roƙon kwamiti, cikin ladabi, ya ware zama ɗaya da ba a neman kati, a cikin unguwa, inda masu sautu da matan da ke aikensu za su iya zuwa. Ina roƙon a samar da hanyar da za a gane kayan haɗaka na ƙananan masu sana'a, kada a riƙa auna su da ma'aunin masu tirela. Sannan, idan zai yiwu, wani daga cikinku ya faɗa a gaban matan Makera cewa irin wannan ɓarna tana faruwa a hanya. Idan daga bakinku ta fito za su yarda. Daga bakinmu ba su yarda ba.

Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya ba ka ikon yin adalci, ya kare maka mutuncinka a idon iyalinka da maƙwabtanka.

Abu na ƙarshe. Wani abokin babana ya samo masa aikin dako a wata tasha a Fatakwal, kuma ya amsa. Ya ce can babu wanda ya san shi. Mama ta fara ninke masa kaya. Idan za ku zo Makera, don Allah ku zo kafin ƙarshen wannan wata. Bayan nan, ni da Mama da ƙannena kawai za ku tarar.

Wassalam.

Taku cikin ladabi,
Sa'adiyya Isuhu,
Makera, Kaduna.