Ƙaramin Faifai da Waƙar Mamanki

Rikoto, Zuru

Zuwa ga 'yata Joyce,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kristi. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mika da yara, Allah ya tsare ku a Fatakwal. Ni da sauƙi, sai ƙirjin nan da ba ya barina in yi doguwar magana, ƙafafu kuma ba sa kai ni coci. Gidan shiru tun da muka binne mamanki.

Zancen kwamfutar da kika aiko mana ne ya sa na ɗauki biro. Wata safiya ta ƙi tashi, sai wani ƙara take yi daga ciki. Gabriel, mai gyara a bakin kasuwa, ya ce babban faifanta ya mutu, ya sa sabo marar juyawa wanda suke kira SSD, ya mayar da muryoyin mamanki daga katin da kika kwafa mana bara. Duka sun dawo sai guda ɗaya. Ita ce waƙar da take tsokanata da ita tun lokacin da nake golmo a gonar mahaifinta don in aure ta, wadda ta rera da yarenmu na C'lela a kan gadon jinya. Bayan tafiyarki muka ɗauke ta, ba ta cikin katin.

Gabriel ya nuna mini wani ƙaramin faifai a cikin kwamfutar, bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce aikinsa a da shi ne riƙe wa tsohon faifai abubuwan da ake yawan buɗewa don a yi sauri, amma sabon ba ya bukatarsa. Shawararsa a goge shi, a mai da shi wurin ajiye kwafin muryoyin, ko da babban ya sake lalacewa. Na tambaye shi ko waƙar tana ciki, tunda kullum ita nake buɗewa. Ya ce mai yiwuwa akwai gutsattsarinta, amma ba mai iya karanta su sai an haɗa shi da tsohon faifan. Da na ce ya kawo tsohon, ya sunkuyar da kai. Ashe ya zuba shi a buhun ƙarafan da yake sayar wa 'yan gwangwan, kamar yadda suke yi da duk abin da ya mutu a shago. Ya bi su da babur har Dirin Daji, ya tarar motar da ke kwashe ƙarafan ta wuce.

Na hana shi taɓa ƙaramin. Na daɗe ina zama gaban kwamfutar, na san muryarta na iya kasancewa a ciki, ba kuma zan ji ta ba. Abin da ya tsorata ni shi ne ranar da na gwada rera waƙar ina wanke kofi, na ji wani baiti ya ɓace mini. Idan na ƙara jira, sauran ma za su bi shi, ko numfashin ya riga su.

Jiya na kira Gabriel. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin goge ƙaramin faifan, ya dube ni ya ce, “Baba, in na danna, ba ta dawowa.” Na ce ya danna. Da ya gama, na sa ya kunna ɗaukar murya, na rera waƙar da kaina, ina tsayawa ina tari. Ita ce abu na farko da aka ajiye a ƙaramin faifan. Inda baitin ya ɓace, wurin da take cewa kunyar da na ja a gona ta karkace, na yi shiru daidai tsawonsa. Kin sha jin ta tana rera shi a bakin murhu. In kina tune da shi, ki rera a waya ki turo wa Gabriel, ya ce zai iya sa muryarki a wurin. Kada ki jira Kirsimeti.

Ki gai da Mika, da jikokina Destiny da Peculiar, da gwaggonki Goodness in kun yi waya.

Ni ne mahaifinki,
Haggai