Jawabin Rabi a Kan Tabarmata

Daren Lahadi, Madarumfa

Rabi ta koma Maraɗi da la'asar, gidan ya sake yin shiru.

Jikar tawa da aikin lakwal ta zo, wato na makarantar boko. Wai mushensu, malamin nasu, yana koya masu jawaban mutanen Amirka na zamanin da, waɗanda suka shawo kan jama'a da baki har aka rabu da mulkin Ingila. An ce kowa ya rubuta nasa, ita kuwa a kaina ta rubuta: in bar bakin tafki in koma wajen ubanta.

Ta miƙe tsaye da takarda tana jero dalilai, ga likita kusa, ga famfo, ga lantarki. Na ce, "Amarya, a Amirka a tsaye ake yi wa tsoho magana? In na tafi, wa zai nuna iyakar gonaki idan ruwa ya janye? Duk waɗanda muka sani tare suna ƙasa."

Ta yi dariya. "Angon nan da taurin kai!" Sai ta ajiye takardar, ta zauna gefen tabarmata. Can ta ce, "Kaka, in ka faɗi a ɗakin nan, wa zai ji?"

Na ce mata ba inda za ni.

Ban shiga lakwal ba, ajamin nan kaɗai na iya, amma na san maganar da ke kama mutum. Bayan isha'i na yi tari da ƙarfi, da gangan, na saurara. Ba wanda ya leƙo.