Gambar Kan Iyaka

Litinin, 14 ga Mayu, 1956

An koma makaranta bayan Sallah. Yara sun tashi, ni kuma na zauna da littafin jarrabawar malanta. Tarihin Rumawa! Ina malamin elemantare a Bebeji, me ya haɗa ni da wasu mutane masu ƙauye a kan tuddai bakwai? Wai sun kori sarkinsu, suka koma zaɓen shugabanni biyu duk shekara. Sai in haddace.

Lahadi, 20 ga Mayu

Na je ƙauyenmu ta wajen Kiru. Gonar da Baba ya bar mana ni da Yaya Lado tana bakin burtali, bara shanu sun cinye mana kusan rabi. Baba Mainasara, mai gonar da ke jikin tamu, ya ce zai dasa shingen bini-da-zugu ya zagaye tasa da tamu gaba ɗaya, kyauta. Yaya har da durƙusawa. Ni ma na yi godiya, kaico.

Talata, 12 ga Yuni

Yau na karanta yadda Rum ta faɗaɗa. Wani gari ya ji tsoron mutanen tsauni, ya roƙi Rumawa su kare shi. Suka zo, suka kare shi, ba su sake fita ba. Sai na tuna da shingen Baba Mainasara. Matata Saudatu ta ce me ya same ni na bar tuwo, na ce mata karatu ne.

Lahadi, 17 ga Yuni

Innalillahi. Gambar da kakanmu ya dasa a kan iyaka babu ita. Mainasara ya kawo garmar shanunsa don ya “taimaka” da huɗa, ya ja kunya tun daga tasa har ƙarshen tamu, ya bi ta kan gambar. Yaya ya ce, “Shanu ba sa iya juyawa a ƙaramin fili, ƙane. Aikin wata guda fa ya yi mana kafin azahar.” Na ce Yaya, ina iyakar? Ya ce kowa ya san ta.

Kowa ya san ta! Ni da na taso a gonar na tsaya ina lalube.

Alhamis, 5 ga Yuli

Talakawan Rum da aka matsa musu, fita suka yi suka hau dutse, sai da manya suka lallashe su suka ba su wakilai. Mu in mun fita wa zai biyo mu? Murna za a yi.

Asabar, 25 ga Agusta

Dawa ta yi kyau, irin kyan da ban taɓa gani a gonar nan ba. Abin ya ƙara ƙona mini rai.

Lahadi, 18 ga Nuwamba

An yi girbi, dammunan duka an kai rumbun Mainasara. Na kai ƙara gaban dagaci. Dattawa suka taka gonar, shinge ɗaya, kunya ɗaya, ko tushen gamba ba su samu ba. Dagaci ya ce, “Malam, wa ya dasa shinge? Wa ya yi huɗa?” Na ce ranka ya daɗe, taimako aka ce mana. Sai aka juya ga Yaya.

Yaya Lado, uwa ɗaya uba ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce shi ya shiga gandun Baba Mainasara da son ransa, ya gaji da gadin shanu shi kaɗai, ƙanensa yana can yana cin alli. Mainasara ya ce, “Ai 'ya'yana ne, ba na rabewa.” Nan take ya yanka wa Yaya gayauna, ɗan filin da zai noma wa kansa. A cikin gonar ubanmu! Mutane suka yi ta sa masa albarka.

Ban yi wa Yaya sallama ba. Na tsane shi yau, Allah ya yafe mini.

Laraba, 21 ga Nuwamba

Littafin ya ce wasu garuruwan da Rum ta haɗiye ana kiransu 'yan gari, suna zuwa yaƙi, amma ba su da bakin magana a majalisa. Na rufe shi. Wannan babin ba sai na haddace ba.

Juma'a, 7 ga Disamba

Jaki ya iso daga ƙauye da dawa, wai rabona ne daga Baba Mainasara, ya fi abin da gonar ta saba ba ni. Na ce a mayar. Saudatu ta ce, “Malam, rumbu fa wayam yake, ga ni da ciki.” Na ce to a ajiye a zaure, kada a taɓa.

Lahadi, 9 ga Disamba

Ban je ƙauye ba. Na gwada amsa tambayar jarrabawa, dalilin da ya sa garuruwa suka zauna ƙarƙashin Rum. Na rubuta tsaro, da hanyoyi, da ƙoshi. Ban ko tsaya tunani ba.

Saudatu ta yi tuwon sabuwar dawa. Ban tambaye ta daga ina ba. Na ce ta ƙaro mini.