Wayar Baba da Na Binne Cikin Yashi

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Masu Sayayya na kamfanin da ya ƙera wayar mahaifina,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ban san sunanka ba. Duk lokacin da na kira layinku wata murya daban ke amsa mini, kuma kowacce sai na faro mata labarin daga tushe. Na gaji da farowa. Shi ya sa na zauna na rubuta shi sau ɗaya, a fili, da harshen da nake kuka da shi. In kuna da mai fassara, ya fassara muku. In babu, 'yan'uwana da ke Bronx za su karanta, don su ma abin ya shafe su.

Sunana Rifkatu. Ina zaune a Highbridge, hawa na biyar, a gidan da lif ɗinsa ya fi kwana a lalace. Aikina a asibiti shi ne wanke kayan tiyata, da dafa su, da jera su yadda likita zai same su. Na faɗi haka ne don ka san ba mai ganganci ce ke rubuto maka ba. Da bin ƙa'ida nake cin abinci. In takarda ta ce minti goma, ba na cirewa a tara.

Shekara huɗu ke nan da na sayi wayarku a nan New York, na aika wa Baba a ƙauyenmu da ke kudancin Bauchi, a hannun wata matar cocinmu da za ta gida. A wajenmu gona ba ta da takarda. Iyakarta a bakin dattawa take, kuma ana koyar da ita da ƙafa ne: uba ya zaga, 'ya'ya su bi shi, maƙwabci ya tsaya ya shaida. Da Baba ya ji jikinsa ya fara ƙi, sai ya kira maƙwabcinmu na gona, tsoho sa'ansa, ya ba ƙanwata Saratu wayar ya ce ta ɗauka. Suka zaga fadamarmu daga kututturen ɗorawa zuwa dutsen da kakanmu ya binne, har inda rafi ya karya kwana. Baba yana faɗa, tsohon yana amsawa da bakinsa cewa haka ne. Bidiyon ya kusa minti arba'in. Saratu ta yi ta ƙoƙarin turo mini shi, sabis ɗin ƙauye ya ƙi ɗauka, muka ce sai ta shiga gari. Ba ta shiga ba har Baba ya kwanta.

Baba ya rasu bara. Tsohon ma ya bi shi bayan wata biyar. Ɗan tsohon kuwa ya tashi ya ce rabin fadamar ta ubansa ce, kuma rabin nan shi ne inda Mama ke shuka shinkafar da ke riƙe gidan. Dagaci ya ce a kawo shaida kafin ruwan shuka. Aka ɗauko wayar daga akwatin Mama, aka sa caji, sikirin ya ƙi kawo haske. Amma tana da rai, don kullum ƙarfe biyar na asuba ƙararrawar da Baba ya saita don addu'ar safe tana kaɗawa. Saratu ta ce a kai wa masu gyara a gari. Mama ta ce a'a, abu mai nauyi haka ba a ba 'yan kasuwa, a mayar da ita garin da aka haife ta, wurin masu ita. Haka wayar ta dawo mini a naɗe cikin ɗankwali, a jakar wani ɗan'uwa da ya je hutu.

Ga abin da ya biyo baya, zan jera maka shi yadda ya faru.

Na ɗaya. Na kai ta shagonku ranar da nake hutu. Matashiyar da ta karɓe ni tana da fara'a, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta duba, ta ce sikirin ɗin da ke jiki ba naku ba ne, wani ya taɓa canja shi, saboda haka ba za su buɗe ta a shago ba. Sai dai a aika ta wani wuri, kuma in sa hannu cewa na yarda ana iya goge duk abin da ke ciki. Na ce mata abin da ke cikin shi ne wayar, sauran duk kwanso ne. Ta tausaya mini, sannan ta nuna mini shirinku na gyara da kanka: ku aiko da sabon sikirin, ku ba da aron kayan aiki, mutum ya bi littafinku ya gyara a gida. Ita da bakinta ta gaya mini an taɓa buɗe wayar, kuma ita ɗin ce ta nuna mini wannan hanya. Ba ta haɗa maganganun nan biyu ba, ni ma ban haɗa ba.

Na biyu, kuma nan laifina ne, ba zan ɓoye shi ba. A Tremont akwai wani mai gyaran waya, Malam Isufu, mutumin Maraɗi, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Na biya ta wurinsa a hanyar gida. Ya juya wayar, ya bi gefenta da farce, ya kai ta hanci ya shinshina. Ya ce mini, "Madam, wagga salula an liƙe ta da kol ta kasuwa, irin wadda ba ta jin wuta. Ki bar mini ita kwana ukku, in bi ta da hannu sannu sannu." Gam yake nufi, irin mai ƙarfin nan da masu gyara a can ƙasarmu ke liƙe sikirin da shi don kada ƙura ta shiga. Na kalli teburinsa, na ga buroshin haƙori da reza da tsohuwar fitila. Na tuna hoton injinanku masu sheƙi da na gani a shafinku. Na yi masa godiya na karɓi wayata. A raina har na ce, ina mai reza ina waɗanda suka ƙera abin. Wannan rainin shi ne abin da ya fi ci mini rai yau.

Na uku. Shafinku ya tambaye ni lambar jikin wayar, na ba shi, ya karɓa. Ya tambaye ni adireshi da katin banki. Ya sa na rantse na karanta littafin umarni, na kuwa karanta shi sau biyu, har da jan layi. Bai tambaye ni ko wani ya taɓa buɗe wayar ba. Bai tambaye ni inda ta yi shekara huɗu ba. Littafinku ya ɗauka cikin kowace waya yana nan yadda kuka rufe shi ranar da ta bar masana'anta. Ranka ya daɗe, wayar da ta je ƙauye ta dawo ba haka take ba. Daga baya Saratu ta gaya mini sau biyu Baba yana kai ta gyara ranar kasuwa, sau ɗaya sikirin, sau ɗaya batir, bai gaya mini ba don kada in ce bai kula da kyautata ba.

Na huɗu. Kayan suka iso cikin manyan akwatuna biyu, masu nauyin da sai da na huta a kowane hawa kafin na kai su sama. Kuka ba ni kwana bakwai in mayar. A cikin bakwai ɗin nan ranar hutuna ɗaya ce, Asabar. Ga Mama tana kira tana cewa hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na share teburin kicin da safe, na shimfiɗa farin ƙyalle, na jera sukudirebobi bisa girmansu kamar yadda nake jera kayan likita. Littafin ya ce a ajiye yashi kusa saboda batir, na sayo yashi na zuba a roba. Na sa wayar a injin ɗumamawa don gam ɗin sikirin ya saki. Ya yi ƙara, na murɗa abin ɗagawa, sikirin bai motsa ba. Littafin ya ce in bai ɗaga ba a sake ɗumamawa. Na sake. Bai motsa ba. Babu inda littafin ya ce in ya ƙi sau biyu ki tsaya, wani abu ne daban ya riƙe shi. Na ɗumama karo na uku, na murɗa.

Sikirin ya ɓalle gaba ɗaya, ya taho da batir a manne a bayansa, don wanda ya sa batir ɗin a kasuwa ya shafa masa gam ciki da waje. Na ga batir ya tanƙware. Na ji yana huci, sai hayaƙi mai wari ya taso, ƙararrawar gobara ta ɗakin ta kama ihu. A nan ma na bi ƙa'ida. Na ɗauki robar na juye yashin a kan wayar Baba har ta ɓace. Na tsaya ina kallon tulin yashi a kan teburin da nake cin abinci. Ban samu zuwa jana'izar Baba ba saboda takarduna, ta waya na bi ta. Ranar nan a kicin na yi kukan da ban yi ba a lokacin.

Washegari na farka kafin biyar, na zauna ina jira. Biyar ta yi, ta wuce, ɗakin shiru.

Na biyar. Ranar Litinin na koma wurin Malam Isufu da wayar cikin leda, kunya kamar ta kashe ni. Bai ce ai na gaya miki ba. Da ma ya faɗa, da na fi samun sauƙi. Ya share yashin da buroshinsa, ya duba ta madubin ƙara girma ya daɗe, sannan ya ce wuta ta ci fanel, wato uwar kayan cikin, daidai inda ajiya take. Ya ce ko ɗan guntun da ke riƙe hotuna ya tsira, kun ɗaure shi da wani guntu ta yadda ba ya buɗuwa sai suna tare, wancan kuwa ya zama gawayi. Ya ƙi karɓar ko sisi. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Madam. Allah shi jiƙan tsoho." Da na kira layinku na kwashe duk wannan na faɗa, tambayar da aka fara yi mini ita ce ko na mayar da akwatunan a kan lokaci. Na mayar. Na wanke komai, na jera shi a gurbinsa, babu ko ƙusa ɗaya da ta ɓata.

Ban rubuto don neman diyya ba, kuma kada a aiko mini da sabuwar waya, ba ni da abin da zan sa a cikinta. Roƙona kaɗan ne. Ku sa tambaya ɗaya a shafinku, da manyan baƙaƙe, kafin ku karɓi katin kowa: an taɓa buɗe wayar nan a wani wuri? In amsar e ce, ku gaya wa mutum gaskiya cewa injinku da littafinku ba don ita aka yi su ba. Ku rubuta a littafin inda ya kamata mutum ya tsaya, domin akwai irina da yawa waɗanda in ba a ce su tsaya ba, ba za su tsaya ba. Ku koya wa ma'aikatan shagonku cewa in mutum ya ce abin da ke ciki yake so, kada a tura shi gida da akwatuna biyu da kwana bakwai. Wayoyinku suna tafiya ƙauyukan da ba ku taɓa jin sunansu ba, ana gyara su da abin da aka samu, suna dawowa nan a jakunkunan mutane. Masu irin shagon Malam Isufu sun san cikinsu fiye da ku. Ku tambaye su.

Sai roƙo na ƙarshe, wanda na san amsarsa tun kafin in yi. In akwai wani ɗaki a kamfaninku, ko wani injiniya ɗaya, da zai iya ciro ko minti biyu daga abin da ya saura, wurin da tsohon ya ce haka ne, to wayar tana nan a ledarta. Zan kai ta duk inda kuka ce.

Ruwan shuka ya sauka a garinmu makon jiya. Saratu ta san abin da ya faru, Mama ba ta sani ba. Dagaci ya ƙara mana mako biyu don girman Baba, ya ce daga nan zai raba fadamar bisa abin da ke gabansa, kuma babu komai a gabansa daga ɓangarenmu. Jiya Saratu ta gaya mini Mama ta ware irin shinkafar wancan rabin a buhu daban, ta ɗaure bakinsa, ta hana kowa taɓawa, wai na ranar da saƙo zai zo daga Amurka ne. Ranar Lahadi bayan sujada zan kira Mama. Kwana uku ke nan ina neman kalmar da zan fara da ita, ban samu ba. Ni ce babbar 'yarta, ni ta amince wa, kuma ni zan gaya mata ta kwance buhun nan su dafa.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya tsare iyayenka in suna raye, ya jiƙan su in sun rigaya. Allah kada ya sa ka taɓa riƙe amanar gidanku a hannu ta lalace kana bin umarni.

Wassalam.

Rifkatu,
Highbridge, Bronx.