Ɗamarar Jakar Himkala

Zuwa ga jikata Himkala,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Direban motar Diktel ya kawo mana labari, an ɗauke ki cikin masu yi wa baƙi jagora zuwa Dolpo. Tun jiya na kasa zama. Na gaya wa kowa a ƙauye, har baunar da muke kiwo na gaya wa. Kakarki Boju ta ce in zauna kafin in huda daɓen ɗaki. Na ƙarar da ƙuruciyata ina dako a bayan jagora, yau ga jagora daga gidana. Da hannuna nake rubutun nan, malamin ajinmu na yamma bai sa mini ko harafi ba. In kin ga layi ya karkace, murna ce.

Maganar jaka. Ki nemi babba mai faɗin baki kamar kwandona, don hanyar nan ba kasuwa, abin da kika goya shi za ki ci. In kin saya ki aiko, in kai ta gaban duwatsun murhu a roƙa mata albarkar kakanni. Kaya ba ya fita gidan nan sai da haka.

Ki huta lafiya. Kakanki, Baje Jitman

Zuwa ga Baje,

Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Boju. Ga jakar nan wurin direba. Na sha yawo a shagunan Kathmandu kafin in same ta. An auna bayana daga ƙashin wuya zuwa ƙugu, aka cika ta da yashi, na yi ta hawa bene da ita. Ta zauna mini daidai. Baje, albarka kawai. Na san hannunka, kada ka gyara komai. A dawo da ita da motar Laraba.

Taku, Himkala

Zuwa ga Himkala,

Bayan gaisuwa, an yi albarka da citta da giyar gero, kakanni sun karɓa. Jaka kam ta yi kyau, amma mai shagon ya cuce ki. Na cika ta da gero na hau tudun bayan gida. Wata ƙatuwar ɗamara da suka liƙa mata ta matse mini ciki, numfashi ya gagara. Boju tana bakin ƙofa tana cewa, "Tsoho, yarinyar nan ta ce kar ka taɓa." Na ce, "Ke da ba ki taɓa wuce rafi da kaya ba, me kika sani?" Ta ce, "Na san kai."

Na yanke ɗamarar, yanka mai kyau a kan layin ɗinki. Na ɗinka miki namlo, igiyar goshi, wadda na saƙa da kaina. Da irinta na kai gishiri da kananzir inda alfadari ya ƙi zuwa. Ki ɗora a goshi, ki sunkuya, ki bi sawun na gabanki. Ba sai kin gode ba.

Naki, Baje

Baje,

Ina gaisuwa. Na buɗe buhun da ka aiko jakar a ciki a gaban shugaban tafiyarmu. Ya juya jakar, ya ɗaga namlo da yatsa biyu, ya ce, "Ƙanwata, dako kika zo ko jagora?" Sauran suka yi ta dariya. Ya ce jagora tana duba hanya da sama da fuskokin baƙi, ba ya tafiya da wadda kanta ke ƙasa. Asabar za mu tashi. In jakata ba ta gyaru ba, akwai wani yana jiran gurbina. Na koma shagon, mai tsawon bayana ta ƙare.

Ba a ciki ake ɗaura ɗamarar ba, Baje, a kan ƙashin ƙugu ne, don ƙafa ta ɗauki nauyin. Saboda ɗamarar nan na zaɓi jakar. Tun ina ƙarama in na kira ka, da jikinka duka kake juyowa, wuyanka ba ya juyawa. In na nuna maka tsuntsu sai ka ce ka gani, alhali ƙasa kake kallo. Ina son aikinka, amma ina so in tsufa da wuyana.

Akwai baduku a layinmu, ya ce zai mayar da ɗamarar in ba a yaga ta ba. Tana ina? Don girman kakanni kada ka ce ka jefar.

Himkala

Jikata,

Gaisuwa a gaggauce, direba yana ta danna ƙaho. Ga ɗamarar. Daga wuyan ɗan bauna na ciro ta, na yi masa abin ɗauri da ita. Boju ta wanke ta da toka, warin bai fita duka ba, ki yi haƙuri.

Namlo kuwa ki kwance shi, ki ɗaure tabarmar kwananki da shi. In kin kai mashigar da ke sama da tafkin Dolpo, ki tsaya ki ɗaga kai ki dubi ƙololuwar dutsen, ki rubuto mini yadda take. Na bi ta wurin sau ba adadi, duwatsun hanya kaɗai na sani.

Ki sauka lafiya. Baje