Gadin da Zacharie Ya Karɓar Mini

Zuwa ga:
Mai girma Kolonel,
Shugaban Kwamitin Tantance Masu Lambar Yabo,
Garoua.

Daga:
Kaporal Ɗanmalam Tukur,
Unguwar Yelwa, Garoua.

Litinin, 28 ga Afrilu, 2025.

Game da: Ƙorafi kan sunan da aka sa cikin dokar karramawa ta ranar 11 ga Fabrairu, 2025, da roƙon a gyara shi kafin ranar biki.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan alheri gare ka da duk masu aiki a ƙarƙashinka, ina neman izini in sake gabatar da kukana. Wannan ce takardata ta huɗu. Ukun farko da Faransanci aka rubuta mini su a bakin kasuwa, kuma na lura mai rubutun yana tausasa maganata, har ta fito kamar tawali'u kawai nake yi. Wannan da hannuna na rubuta ta, da Hausa, domin an shaida mini kana jin ta sarai. Idan ka ga layi ya karkace, a yi mini afuwa, hannun bai gama warkewa ba.

Dokar da na ambata ta ba ni lambar yabo mafi girma ta jarumta a fagen fama, saboda abin da ya faru a ƙauyen Kurgaza, can cikin duwatsun iyaka, ranar Talata 4 ga Afrilu, 2023. Ta ce ni kaɗai na riƙe babbar bindiga a bakin hanyar shiga gari har minti arba'in, har mata da yara da tsofaffi suka samu suka hau dutse. An sa ranar 20 ga Mayu don a liƙa mini ita a bainar jama'a, saura mako uku ke nan. Ranka ya daɗe, ba ni na riƙe bindigar nan ba. Marigayi soja Zacharie Matakon ne ya riƙe ta, kuma a kanta ya mutu.

Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. An ɗauko sunana ne daga takardar jadawalin gadi, kuma takardar ba ta san abin da muka saba yi ba. A sansaninmu, idan azumi ya kama, Kiristocinmu kan karɓar mana gadin magariba domin mu sha ruwa mu yi salla. Mu kuma mukan karɓar musu na safiyar Lahadi da na Kirsimeti. Ba a rubuta wannan a ko'ina, baki da baki ake yi, kuma kowa ya sani, har Serjan Roger da ke shugabantar mu. Ranar nan 13 ga watan azumi ce, ga zafin Afrilu mai gasa mutum a tsaye. Gadina ne daga ƙarfe huɗu zuwa takwas. Shida saura kaɗan Zacharie ya zo ya dafa mini kafaɗa, yana tsokanata wai leɓɓana sun tsage kamar gonarsu da rani, in tafi in jiƙa su kafin in faɗi a kan bindigar gwamnati. Na miƙa masa wurin, na tafi.

2. Lokacin da mahara suka buɗe wuta, ina bayan ajin makarantar da muka mayar ɗakin kwana, da kofin kunu a hannuna. Na zubar da shi na ruga, ban yi taku talatin ba harsashi ya same ni a cinya, wani kuma a hannu. A kwance na yi minti arba'in ɗin nan da doka take yabo. Ina jin bindigar tana amsawa, tana yin shiru, tana sake amsawa, kuma na san hannun wanda ke kanta. Iyakar jarumtata a ranar ke nan, ranka ya daɗe: na kwanta cikin ƙasa ina saurare.

3. Wanda ya rubuta rapor, wato rahoton harin, bai taɓa taka Kurgaza ba sai washegari. Serjan Roger ya rasu a harin, Zacharie ya rasu, ni kuma ina asibiti ban san inda kaina yake ba. Sai ya buɗe jadawali, ya ga sunana a kan babbar bindiga, ya ga an ce na ji rauni, ya haɗa biyun. Zacharie kuwa aka rubuta shi cikin waɗanda suka mutu a lokacin hutunsu. Ban ɗora wa marubucin laifin mugunta ba, abin da takarda ta nuna masa ya bi.

A nan dole in faɗi nawa laifin, don kada a ce na ɓoye. Na ga rapor ɗin a watan Satumba na shekarar, bayan an sallame ni daga asibiti, kuma na yi shiru. Na ji tsoron a ce na bar wurin gadina ba da izini ba, na ji tsoron abin da zai biyo baya, ga iyali. Na ce wa raina takarda ce kawai, za ta shiga durowa ta kwanta kamar sauran. Ban taɓa zaton za ta tashi ta zama doka ba. Shekara ɗaya da wata biyar na yi da wannan shirun, kuma wallahi bai bar ni na huta ba ko kwana guda.

4. Tun da dokar ta fito nake zarya. Na kai takarda ranar 17 ga Fabrairu, aka buga mata hatimi aka ce in dawo. Na kai ta biyu ranar 10 ga Maris, aka ce dosiye, wato fayil ɗin maganar, ya riga ya wuce sama, abin da ya wuce sama kuwa ba ya saukowa. Na kai ta uku ranar 2 ga Afrilu. A ranar wani ma'aikaci ya ja ni gefe, cikin mutunci ba tare da tsawa ba, ya ba ni shawara in karɓi abin da Allah ya ba ni in rufe bakina, domin ba a taɓa ganin wanda ya zo yana ƙorafi don an karrama shi ba. Wani kuma ya tambaye ni ko likitan ƙwaƙwalwa ya duba ni tun bayan harin. Matakalar ofishin nan ashirin da biyu ce, da sanda nake hawanta, na san kowace da kamanninta. Na gaji, ranka ya daɗe. Na gaji da hawa, na gaji da bayani, na gaji da mutanen da ke tare ni a masallaci suna yi mini barka.

5. An ce mini ba a gyara rapor sai da shaidu biyu masu rai. Na kawo su. Soja Patrice, wanda yanzu yake zaune a Dougoï cikin Maroua, shi ne ya ɗauko gawar Zacharie daga kan bindigar da hannunsa, kuma ya rubuta ya sa hannu. Madeleine, wata dattijuwa ta Kurgaza, ita ce ta ƙarshe da ta wuce ta gefensa tana jan jikokinta, ta san fuskarsa domin a wurinta yake sayen gyaɗa. An karɓi ta Patrice aka ce an makara. Ta Madeleine kuwa ko karɓa ba a yi ba, wai ita ba soja ba ce, kuma da babban yatsa ta dangwala.

6. Wannan na ƙarshe shi ya sa na zauna na rubuta da kaina. Ranar Alhamis 24 ga wannan wata, Lucie, matar Zacharie, ta zo gidana. Ta ji sunana a rediyo, ta shiga mota tun daga ƙauyensu, yini guda a hanya, da 'yarsu Rosalie mai shekara shida. Barka ta zo yi mini. Ta kawo mini ƙwarya guda ta gyaɗar da ta noma da hannunta a kan dutse. Ta ce mijinta kullum yana ambatona, ta ce ta ji daɗi da ya mutu kusa da jarumi, ta sa yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni domin idan ta girma ta ce ta taɓa ganin wanda ya ceci mutanen Kurgaza. Ita abin da aka faɗa mata shi ne mijinta yana hutawa harsashi ya same shi.

Matata Rahma, wadda ta san komai, ta tashi ta shige ɗaki don kada a ga idonta. Ban faɗa wa Lucie ba. Na ji kunya, wannan gaskiya ne, amma kuma na ga bai dace ta ji shi daga bakin gurgu a tsakar gida ba, alhali takardar hukuma tana faɗin akasinsa. Wa za ta yarda da shi, ni ko doka?

Saboda haka nake roƙo, cikin ladabi da biyayya:

a dakatar da liƙa mini lambar nan ranar 20 ga Mayu;

a saurari Patrice da Madeleine, a kuma tambayi duk wanda ya taɓa zama a sansaninmu yadda muke musayar gadi a watan azumi;

a mayar da maganar wurin waɗanda suka zartar da dokar, a cire sunana a sa na Zacharie Matakon, a kira Lucie da Rosalie su karɓa.

Na haɗa da wata takarda dabam, mai sa hannuna, inda na amsa cewa na bar wurin gadina ranar 4 ga Afrilu, 2023, da ƙarfe shida saura, ba da rubutaccen izini ba, kuma na ɓoye hakan bayan na ga rapor. Duk hukuncin da ya hau kaina na ɗauka, ko da cire mini igiya ne. Idan kuma aka ce dole in tsaya a fili ranar bikin, zan tsaya, domin ni soja ne kuma ban taɓa ƙin umarni ba. Amma ina sanar da kai tun yanzu, don kada ya zo maka ba zato: idan aka kira sunana, da nasa zan amsa.

Zacharie ya karɓar mini gadi na awa guda don in sha ruwa, ya ce in rama masa ranar Lahadi. Lahadin ba ta same shi ba. Gyaɗar Lucie tana nan a ɗakina a rufe, ba wanda ya taɓa ta, kuma na hana a taɓa har sai na ji daga gare ka.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ka ikon duba wannan da idon adalci. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

Kaporal Ɗanmalam Tukur
Yelwa, Garoua