Wayar da Baba ya ɗaura

Asabar da daddare, Moss Side, Manchester

Yau Kawu Sani ya zo daga unguwarsu, Sparkbrook, saboda eriyar rediyon Baba. Tun tsawar shekaranjiya Mama ta ce a sauke ta. Ni kuwa in na kunna rediyon nan sai in ji kamar Baba bai gama tafiya ba. Shi ya koya min kiran mutanen nesa da ita, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Kawu ya tona gindin sandar da ke kai tsawa ƙasa. Sandar jan ƙarfe ce, wayar da ta haɗa ta da eriya kuwa alminiyam, mahaɗarsu ta zama farin gari.

"Ruwan Manchester ya cinye ta, Ummi," in ji shi. "Alminiyam ba ya zama da jan ƙarfe a danshi. Da aradu ta faɗo, ta ɗakinki za ta bi."

Baba ne ya ɗaura wayar, yana haki, ya ce ta wucin gadi ce kafin ya dawo daga asibiti.

A littattafan soyayyata ba a rabuwa da abin da mamaci ya taɓa. Na so in ce a bar min ita. Amma Mama ta ce ko sabuwar waya, ko eriya ta sauka.

Da kaina na ɗauki filaya. Ban ma matsa ba wayar ta gutsure. Kawu ya ɗaura ta jan ƙarfe mai kauri. Mama ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Irinta babanki ya ce zai sa."

Allah ya jiƙan Baba.